Gwangwanin Ƙasa na Tara

4 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata, Autar Baffa,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau muke, sai gwiwar nan tawa da take tuna mini shekaruna duk safiya. Maman yara tana gaishe ki. Ta ce in faɗa miki tabarau ɗin da kika aiko mata ya yi, yanzu da kanta take zura zare a allura, har ta fara hango laifuffukana da ba ta gani a da. To, na gode.

Kin san ni da waya. Sai na hau tudu kafin ta kama, in ta kama kuma kunnena ya ƙi kamawa. Don haka ki yi haƙuri da rubutuna, direban motar kasuwa zai kawo miki.

Ga maganar. Mutanen aikin ruwa sun zo mana. Suna so su tare rafi daga can sama, su jawo hanyar ruwa ta siminti ta bi ta gonakin kwari, mu riƙa noman rani. Gida goma sha huɗu abin ya shafa, kuma ba za su fara ba sai kowane mai gona ya sa hannu. Sun ba mu zuwa ƙarshen Afrilu. Da injiniyan ya buɗe taswirarsa, sai ya ɗora yatsa a kan siririn zirin nan na can ƙasa, wanda yake gab da rafi, ya ce na wane ne? Na ce na ƙanwata ne, kakanta da kakana wa da ƙane ne, zirin na babanta ne, ni nake nome shi tun rasuwarsa, shekara goma sha tara ke nan. Ya ce to sai da yardarta.

Ni dai zuciyata ta rabu biyu. In ruwan ya zo, girbi biyu za mu riƙa yi a shekara, mu sa albasa da tumatir da alkama a lokacin da yanzu muke zaune muna kallon juna. Manyan 'ya'yana biyu da suke tafiya neman aiki duk rani, su bar mini matansu da 'ya'yansu, su dawo a rame, sai su zauna gida. Wannan kaɗai ya isa ya sa ni sa hannu. Amma hanyar za ta ci taku uku daga kowace gona, ta datse inda shanu suke bi su sha ruwa, sauro kuma ya samu masauki kyauta. Sannan duk wata sai mun fito gaba ɗaya mun yashe ta. Kin san mutanenmu, ranar rabon ruwa kowa garau yake, ranar yasa kuwa bayan kowa na ciwo.

Maƙwabcina, wanda muke kira Mai Gardama, ya ce shi bai yarda ba. Wai ya taɓa zuwa inda aka yi irin wannan aiki, bayan 'yan shekaru gonakin suka yi fari fat, ko ƙaya ba ta fita. Sai dai shi mutum ne da ko ka ce masa gari ya waye sai ya leƙa waje ya tabbatar.

Ke ce kika yi karatun ƙasa, shekara ashirin kina ɗakin gwaji kina auna ta mutane. Yau ga ta gida. Gonar kwarin nan ita take ci da gidana, in ta lalace ba ni da wata. Ki faɗa mini in sa hannu ko kada in sa.

Yayanki,
Dogo

13 ga Fabrairu

Yaya Dogo,

Na samu wasiƙarka, na ji daɗin jin kuna lafiya. Mu ma ƙalau muke. Maigidan likita ya hana shi sukari, yanzu shayinsa da fuskarsa duk ɗaci ɗaya. Babbar 'yata ta gama jarrabawa. Gwiwar nan kuwa, Yaya, ba shekaru ba ne, taurin kai ne. Na ce ka daina ɗaukar buhu, ka ƙi. Ka gaishe mini da Maman yara, ka ce mata in tabarau ɗin ya gaza gano sauran laifuffukan, zan aiko da mai ƙarfi.

Na yi murna da labarin ruwan nan, amma kada ka yi wa Mai Gardama dariya tukuna. Abin da ya gani gaskiya ne, ni ma na sha ganinsa. Wata ƙasar tana da gishiri kwance a can cikinta. Muddin ruwan sama kaɗai take sha, gishirin yana nan ƙasa bai dami kowa ba. Amma in aka riƙa cika ta da ruwa rani da damina, kuma ruwan ba shi da mafita, sai ya taru ya taso da gishirin sama, rana ta shanye ruwan ta bar maka farin. Gonar da take kwari ita ta fi shiga wannan hatsari.

Sauro da hanyar shanu da masu ciwon baya duk da maganinsu. Gishiri ne ba ya fita da sauƙi in ya hau. Don haka kafin in ce maka komai, ka aiko mini da ƙasa. Ka samu gwangwani huɗu masu murfi, ka wanke su, su bushe. Ka je tsakiyar gonar kwari ka ɗebi ta sama, zurfin tafin hannu, a gwangwani ɗaya. Ka ƙara haƙawa zurfin kamu ɗaya ka ɗebi ta ƙasa a na biyu. Haka za ka yi a zirin Baba, na uku da na huɗu. Ka rubuta a jikin kowanne.

Ina so ƙwarai in ga halin da zirin Baba yake ciki bayan shekarun nan. Rabona da shi tun ina 'yar shekara tara, ranar da ya ɗora ni a kan kunya yana auna mini faɗinsa da ƙafa, taku takwas. Ya ce in ya bar aiki nan zai dawo ya dasa lemo. Bai kai ba. Saura shekara huɗu in bar nawa aikin, kuma ina nan da niyyar in dasa masa lemon, in ajiye benci a ƙarƙashi in riƙa zama ina sa maka ido.

Ƙanwarka,
Auta

24 ga Fabrairu

Auta,

Gaisuwa. Muna lafiya, da fatan ku ma haka.

Ga ƙasa nan, gwangwani huɗu, kamar yadda kika nema. Zirin Baffa yana nan yadda ya bar shi, taku takwas ɗin nan ko rabin taku bai ragu ba. Ban taɓa barin shi ba taki ba, ban taɓa barin shi ba noma ba. Duk wanda yake so ya duba, ya duba.

Direba yana jira.

Dogo

9 ga Maris

Yayana na kaina,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Wasiƙarka ta wancan karon gajera ce kamar takardar magani. Gwiwar ce ta matsa, ko direban ne ya tsaya maka a ka? In gwiwar ce, ka riƙa gasa ta da ruwan ɗumi.

Yaya, albishirinka! Da na buɗe gwangwani na farko a kan teburin aiki, sai da abokan aikina suka taso daga kujerunsu. Baƙa wuluk, ga laushi, ga ƙamshi, ko tsakuwa ɗaya babu. Wani dattijo da muke aiki tare ya murza ta a yatsa ya ce, "Wannan ta gonar wa ce?" Na ce ta gidanmu ce. Wallahi ranar ban taka ƙasa ba don alfahari.

Na sa duka huɗun a na'ura, na maimaita sau biyu. Gishirin da yake ciki bai kai a yi magana ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, ta sama da ta ƙasa kusan ɗaya suke, ta tsakiyar gona da ta zirin Baba ma haka. Ba kasafai ake samun irin wannan ba. Ashe Baba ya san abin da ya riƙe.

Ka sa hannu, Yaya, hankalinka kwance. Ga takardar yardata nan na haɗa da wannan wasiƙa. Taku ukun da hanyar za ta ci, girbin rani na farko zai mayar maka da shi. Maganar shanu, ku roƙi injiniya ya yi musu 'yar gada da wurin sha tun yanzu, kafin a zuba siminti, don bayan an zuba ba mai sauraronku. Sauro kuma gidan sauro zan aiko, guda shida.

Ka ce wa 'ya'yanka wannan ranin shi ne na ƙarshe da za su kwana a tasha.

Taka,
Auta

22 ga Maris

Ƙanwata Auta, malamar ƙasa,

Gaisuwa mai tarin yawa. Lafiyarmu lau, gwiwa ma ta ji labari mai daɗi ta yi sauƙi. Gidan sauro ya iso, jikoki sun kafa ɗaya a tsakar gida da rana tsaka sun shige, wai su ma sun yi ɗaki.

Auta, kin fitar da ni kunya. Ranar Asabar muka taru a ajin makaranta, mu goma sha huɗu da injiniya, manya da mu a kan bencin yara, gwiwoyinmu suna taɓa haɓa. Aka yi ta ja. Wannan ya ce shanu, wancan ya ce wa zai fara shan ruwa, na sama ko na ƙasa. Mai Gardama ya miƙe ya sake kawo labarin farar gonarsa. Na bar shi ya gama tsaf. Sannan na zaro wasiƙarki daga aljihu, na ari tabarau ɗin Maman yara, na karanta musu tun daga "albishirinka" har ƙasa. Da na zo wurin dattijon da ya murza ƙasa, sai na sake karantawa don na baya su ji.

Na ce, "Wannan ba maganata ba ce, maganar na'ura ce, kuma 'yar gida ce ta auna." Nan take gida goma suka ce sun yarda. Biyu suka ce in Dogo ya sa hannu su ma za su sa. Mai Gardama ya ce, "To, tunda 'yar Baffa ce." Tunda nake da shi ban taɓa ganin ya sauka da wuri haka ba. Injiniya ya yarda da gadar shanu. An sa ranar ashirin da takwas ga Afrilu kowa ya zo ya sa hannu.

Maman yara ta ce kada in cinye yabon ni kaɗai, da hannunta a ciki. Gaskiya ce. Ranar da na je ɗiba, na haƙa a zirin kamar yadda kika ce, sai na ga ta can ƙasa ta yi fari-fari, tana da danƙo, ba kyan gani. Na kawo gida, ta duba ta ce, "Haba, wannan za ka aika birni, abokan aikinta su taru su ce gonar danginta ke nan?" Sai muka zubar, muka ɗebo ta lambun da yake kusa da garken awaki, inda take shuka alayyafo. Ita ta tankaɗe ta da rariya har sau biyu, ta cika gwangwanayen. Ai duk ƙasarmu ce, gida ɗaya, tsakaninsu bai fi tafiyar minti goma ba. Kin ga kuwa ba ki ji kunya a gaban mutane ba.

Sai kin zo cin albasa.

Yayanki,
Dogo

30 ga Maris

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Ka yafe mini gajeruwar gaisuwa.

Kada ka sa hannu. Don Allah kada ka sa, kuma kada ka bar kowa ya sa da sunana.

Yaya, me kuka yi haka? Ƙasar lambu na auna! Ƙasar da awaki suka shekara talatin suna yi wa hidima, a kan tudu, inda ruwan aikin nan ba zai taɓa zuwa ba. Duk abin da na rubuta maka a wancan karon, labarin alayyafon Maman yara ne, ba na gonar kwari ba. Wadda kuka zubar, mai fari-farin nan mai danƙo, ita ce nake nema. Farin nan da ka ga ba kyan gani, shi ne abin da nake tsoro tun farko.

Ban ce lallai gonar ta lalace ba. Ban sani ba, kuma ba wanda ya sani sai an auna. Amma gida goma sha uku sun yarda saboda takardata, takardar kuwa ba ta da tushe. In gishiri ya hau gonakin nan bayan shekara biyar, da wane ido za ka kalle su, ni kuma da wane ido zan zo?

Ka sake ɗebowa daga inda na ce, yadda ta fito daga rami, da tsakuwarta da muninta. Kada a tankaɗe, kada a zaɓa. Likita ba ya son a kawo masa ɗan maƙwabci mai lafiya a ce ya duba maimakon marar lafiyan.

Na kira wayarka sau bakwai, ba ta shiga. Zan kai wannan tasha da kaina in damƙa wa direba.

Auta

18 ga Afrilu

Yaya Dogo,

Gaisuwa da fatan alheri. Mu dai lafiya, sai rashin kwanciyar hankali.

Kwana goma sha tara ke nan ba amsa, ba ƙasa. Na je tasha sau biyu, an ce ba a ga direbanku ba. Na san na yi maka magana da zafi a wasiƙar da ta wuce, kuma kai babba ne, bai kamata ba. In fushi kake yi, ka yi da ni, na ɗauka. Ka ce wa Maman yara ban raina ƙoƙarinta ba, na san don mutuncina ta yi.

Amma fushi daban, gona daban. Saura kwana goma. Kada ka sa hannu sai an auna ƙasar kwari ta gaskiya. Na ba wani mai babbar mota wannan, ya ce ta wajenku zai bi.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Ƙanwarka,
Auta

2 ga Mayu

Auta, ƙanwata,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, kuma ba wanda yake fushi da ke. Ki fara ajiye wannan a ranki kafin ki karanta sauran.

Wasiƙarki ta sha takwas ga Afrilu ita ta fara zuwa, ranar ashirin da shida. Na karanta na rasa gane kanta. Wace magana mai zafi? Wace ƙasa ta gaskiya? Sai Maman yara ta ce, "Ai motar kasuwa tana garejin bakanike tun farkon wata, injinta ya buga." Na hau keke da gwiwar nan tawa na tafi. Na tarar da motar a kan duwatsu ba taya, kaza ta yi ƙwai a kujerar baya. Wasiƙarki ta talatin ga Maris tana cikin aljihun gaba, tare da rasit da bawon gyaɗa. A nan tsaye na karanta ta, sai da na nemi wuri na zauna.

Bari in faɗa miki abin da ban faɗa ba. Ba don abokan aikinki kaɗai muka canja ƙasar ba. Da kika rubuta kina so ki ga halin da zirin Baffa yake ciki bayan shekarun nan, har kina cewa za ki zo ki sa mini ido, sai raina ya sosu. Na ɗauka ni ake aunawa, ba ƙasa ba. Na ce wato shekara goma sha tara ina riƙon amana, yau za a sa ni a na'ura a ga ko na ci. Da na ga farin nan a ramin sai gabana ya faɗi, na ce za ta ce ni na kashe gonar ubanta. Shi ya sa wasiƙata ta zo miki kamar takardar magani. Gwiwa ba ta da laifi.

Ranar ashirin da takwas kowa ya hallara a ajin, injiniya ya jera takardu a teburin malami, ya cire murfin biro ya miƙo mini, wai ni ne babba in fara. Auta, na taɓa faɗawa rijiya ina saurayi, amma ban ji abin da na ji a ranar ba. Na miƙe na ce, "Jama'a, takardar da na karanta muku gaskiya ce, amma ƙasar da aka auna ta lambun matata ce." Na faɗi komai, har rariyar.

Sai wani daga baya ya ce, "Dogo, awakin ma sun sa hannu?" Ajin ya fashe da dariya, har injiniya sai da ya juya baya yana goge ido. Wasu kuma ba su yi dariya ba, sun ce na kusa jefa su a rami, kuma ban musa ba. Ina jiran Mai Gardama ya tashi ya yi rawa a kaina. Ya tashi kuwa, ya ce, "Tunda nake ban taɓa cin gardama na ji ba daɗi ba sai yau. Ni ma so nake ruwan nan ya zo, tsoro nake ji kawai. Ina shebur ɗinka?"

Ni da shi muka haƙa, injiniya yana tsaye. Injiniyan ya ce su ma a gonakin sama suka yi nasu gwajin, ba su sauko can ƙasa ba. Ya ƙara mana wata ɗaya. Ga gwangwani huɗu nan, ba wanda ya taɓa su da rariya. Maman yara ta ce in gaya miki ta rufe ido lokacin da ake cika su.

Ki faɗa mana gaskiya ko ba daɗi.

Yayanki,
Dogo

14 ga Mayu

Yayana,

Na gode wa Allah da kuke lafiya. Na karanta wasiƙarka na yi dariya a wurin kaza, na yi kuka a wurin biro. Yaya, ni in auna ka? Buhun da kake aiko mini duk shekara daga zirin nan, ban taɓa roƙa ba, bai taɓa fashi ba. Maganar sa ido tsokana ce irin tamu. Amma na ga yadda ta zauna a takarda ba murya ba fuska, ka yafe mini.

Kuma ba ku kaɗai kuka yi kuskure ba. Gwangwani huɗu daga wuri biyu da zurfi biyu, su fito iri ɗaya sak? Ɗalibin da ya zo koyon aiki jiya ma zai tsaya ya yi tambaya. Ni da shekara ashirin ban tsaya ba, saboda ina so a ce ƙasar Babana ta fi ta kowa. Kai ka tankaɗe ƙasa, ni na tankaɗe hankalina.

Ga sakamako. Tsakiyar gona, ta sama lafiya lau, ta ƙasa da ɗan gishiri kaɗan. Zirin Baba, ta sama da dama-dama, ta ƙasa kuwa gishiri ne sosai. In aka kawo ruwa yadda aka tsara yanzu, cikin shekara biyar zuwa bakwai ƙasan kwarin zai yi fari, daga nan ya riƙa hawa gona bayan gona. Mai Gardama ya yi gaskiya, ka faɗa masa, amma a hankali, kada ya saba.

Sai dai wannan ba ya nufin a fasa. Abin da ya rage a tsarin shi ne magudana, rami mai zurfi da zai bi ta ƙasan gonakin ya janye ruwan da ya yi yawa, da gishirinsa, ya zubar a rafi. In akwai ta, ruwan da kuke tsoro shi zai riƙa wanke muku ƙasar. Na yi magana da injiniyanku ta waya, shi tasa tana kamawa. Ya ce za su iya, in an ba su wurin haƙawa.

Wuri biyu ne. Ko ta ratsa ta cikin gonarka, ta cinye maka kusan kashi ɗaya cikin huɗu, zirin Baba ya tsira har ya warke, lemona ya rayu. Ko ta bi ta inda ya fi ko'ina gangare, inda za ta fi aiki ga gida goma sha huɗun duka. Ka san wurin. Ramin da gaɓarsa biyu taku bakwai ne, zirin kuwa takwas.

Na kwana uku ina juya abin. Ba zan ɓoye maka ba, ya yi mini ciwo, don shi kaɗai ne abin da Baba ya bari wanda zan iya takawa da ƙafata. Amma benci da inuwar lemo nake nema a wurin, kai kuwa bakin mutum goma sha bakwai kake ciyarwa. Na riga na rubuta wa injiniya, na sa hannu, don na san in na tambaye ka za ka ƙi. A haƙa a zirin.

Yanzu ka sa hannu, Yaya. Wannan karon ƙasar kwari ce take magana.

Ƙanwarka,
Auta

6 ga Yuni

Autar Baffa,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gida. Muna lafiya. Motar kasuwa ta tashi, kazar ma ta ƙyanƙyashe, direba ya ce bakanike ya riƙe 'ya'yan a bakin ladan gadi.

Sau biyu na rubuta miki cewa ban yarda ba, sau biyu ina yagawa. Na je wurin injiniya na ce a bi ta gonata. Ya nuna mini takardarki ya ce mai wuri ta riga ta yi magana. Maman yara ta ce, "Ka karɓi alheri in an yi maka, kada ka sake tankaɗe wani abu." Sai na haƙura.

Mun sa hannu, mu goma sha huɗu. Mai Gardama ne ya fara, bayan ya sa an karanta masa takardar sau biyu. An rubuta magudana a ciki, da gadar shanu, da ranar yasa, kuma duk wanda bayansa ya yi ciwo ranar yasa, gonarsa ma za ta yi ƙishi a makon. 'Ya'yana sun dawo, sun ce an ɗauke su aikin haƙa, daga nan kuma ba inda za su. Jiya na ga babban yana auna inda zai sa albasa, ƙaramar 'yarsa tana bin sa tana taka sawunsa. Na daɗe ban ji daɗi irin na jiya ba.

A can saman gonata, kusa da inda hanyar ruwa za ta shigo, na ware wuri na dasa lemo uku. Ƙasar wurin kin riga kin auna irinta, ba gishiri. Bencin kuma ki zo da shi, ni ba kafinta ba ne. Ki zo ki sa mini idon, na yarda.

Gobe da safe motar haƙa za ta shiga zirin. Yau bayan la'asar na je ni kaɗai, na auna shi da ƙafa, takwas cif. Na tsaya a kan kunyar da Baffa yake ajiye fartanyarsa in ya gaji, na haƙa da hannuna na cika gwangwani ɗaya. Shi ne direba zai ba ki tare da wannan takarda, na tara ke nan. Kada ki kai shi wurin aiki, kada ki sa shi a na'ura, ba na gwaji ba ne.

Maman yara ta ɗauko rariya, na ce ta mayar. Ba ta da kyan gani, Auta. Fara ce, da tsakuwa, da gishirinta. Amma ta wurin ce.

Yayanki,
Dogo